Nana Asma'u Ƴar Shehu da Aikin Juya Waƙa Daga Harshe Zuwa Harshe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Magariya ko ta Dungas ya san kunne ba ya hutawa a can. Bahaushe na ciniki da Bafillace, Babarbare na tsoma baki, ɗan lakwal na lissafi da Faransanci, ga kuma waƙoƙi na tashi daga wayoyin samari, inda sau da yawa mawaƙi kan ɗauko ɗango da Hausa ya dire shi da wani harshe. Mutane da dama na ɗaukar haɗa harsuna cikin waƙa, ko haɗa kai tsakanin mawaƙa biyu masu harsuna daban-daban, a matsayin sabon yayi da rediyo da intanet suka kawo. Alhali kuwa kusan shekara 200 da suka shige an yi wata mace a Sakkwato wadda ta shafe rayuwarta tana wannan aiki tare da mahaifinta da yayanta da mijinta da ƙanenta. Ita ce Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An saba tuna ta a matsayin malama mai karantar da mata, kuma ta cancanci haka. Sai dai ɗalibin kimiyyar harshe yana da wani dalili nasa na tsayawa a kanta. Rayuwarta ta nuna cewa juya waƙa daga wani harshe zuwa wani sabon tsari ne ɗungurungum, kuma waƙar da ta bi ta hannuwa biyu ko uku tana tayar da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba, wato wane ne mai waƙar.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793, ita da tagwaicinta Hassan. Mahaifinta kuwa an haife shi a Maratta a 1754, ƙauyen da a yau yake cikin ƙasar Nijar, a jihar Tawa. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Gidan da ta tashi gida ne na karatu, wanda mata da maza suke zama gaban littafi. Fillanci ne harshen cikin gida, Larabci harshen littattafai, Hausa kuma harshen maƙwabta da kasuwa da akasarin jama'ar da Shehu yake yi wa wa'azi. Ta kuma iya Tamajak, harshen Abzinawa, ko da yake cikin harsuna ukun farko ta yi rubutunta.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Da idonta ta ga shekarun yaƙi da yunwa da ƙaura daga sansani zuwa sansani, tun daga Tafkin Kwatto da Tsuntsuwa a wannan shekara, da Alwasa a 1805, har zuwa faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato na farko. Wannan aure ya ajiye ta a tsakiyar harkokin daula: yayanta shi ne zai gaji Shehu bayan rasuwarsa a 1817, mijinta kuma shi ne mai riƙe da wasiƙu da hulɗa da sarakunan gabas.

Matsalar da sabuwar daular ta tarar a gabanta matsala ce ta harshe. Malaman da suka jagoranci jihadi da Larabci suke rubutu, da Fillanci suke waƙa a tsakaninsu. Talakawan da aka wayi gari ana mulkinsu kuwa, da matan da yaƙi ya kwaso daga Gobir da Zamfara da Kabi ya zuba cikin gidaje, Hausa suke ji. Littafin Larabci ba zai isa ɗakin girki ba. Waƙa ce kaɗai take iya shiga can, domin ana hardace ta, ana rera ta a bakin turmi ko a gindin mazari, ba tare da an riƙe takarda ba.

Tsakaninta da Muhammadu Bello

Shaida ta farko a kan yadda take aiki da wani ta fito ne a 1822. A wannan shekara abokan gaba sun matso kusa da Sakkwato, Bello ya fita tararsu, hankalin mutanen gari ya tashi. Sai ya bar wa ƙanwarsa wata gajeriyar waƙa da ya gina a kan haruffan aya ta biyar ta surar Alam Nashraha, kowane layi yana farawa da harafi ɗaya na ayar, bi da bi. Haruffan guda 14 ne. Asma'u ta mayar masa da amsa da tata waƙar cikin Fillanci, ita ma a kan waɗannan haruffa. Abin lura a nan shi ne ƙaidin da ta ɗaura wa kanta: dole ta nemo kalmar Fillanci da za ta buɗe kowane layi da harafin Larabcin da ya zo kan layi, ma'ana kuma ta tafi daidai, karin waƙa bai karye ba. Mai karatu yana bin shafin daga dama zuwa hagu ya ji Fillanci, in ya bi haruffan farko daga sama zuwa ƙasa ya karanta Larabci.

Babban aikin da suka yi tare ya zo ne gab da ƙarshen rayuwar Bello. Ya rubuta wani littafi da Larabci mai suna Kitabun Nasiha, inda ya tattaro tarihin mata salihai na farkon Musulunci da na bayansu, yana dogara da tsofaffin littattafai irin su Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi. Sannan ya nemi Asma'u ta mayar da shi waƙa. Tsakanin 1836 da 1837 ta tsara shi da Fillanci, ta kuma tsara shi da Hausa da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka.

Wanda ya ajiye littafin Bello kusa da waƙar Asma'u zai ga ba kwafa ta yi ba. Dogon labarin mace guda takan dunƙule shi cikin baiti ɗaya ko biyu, ta zaɓi hali guda da za a riƙe. Ta sauya muryar littafin daga nasihar namiji ga mata zuwa addu'a da kamun ƙafa daga bakin mace. Ta kuma ƙara sunayen matan da masu sauraronta suka sani ido da ido, wato matan gidan Shehu da na jama'arsa, ta jera su a sahu ɗaya da waliyyan Basra da Bagadaza. Da haka mace a ƙauyen Sakkwato take jin cewa silsilar ba a ƙasar Larabawa ta tsaya ba, ta iso har unguwarsu. Bello ne ya kawo kayan gini, amma fasalin ɗakin nata ne.

Waƙa ɗaya mai hannuwa uku

Cikin dukkan waƙoƙin wannan gida babu wadda ta kai Tabbat Haƙiƙa bayyana yadda suke aiki. Shehu ne ya fara tsara ta da Fillanci wajejen 1812, lokacin yana zaune a Sifawa, bayan an ci nasara kuma ya fara ganin alamun son duniya a wajen wasu da aka damƙa wa mulki. Waƙar gargaɗi ce ga sarki mai zalunci, da alƙali mai karɓar rashawa, da mai tauye mudu a kasuwa, da mai ƙwace gonar talaka, tare da tuna wa talakawa nasu haƙƙin. Kowane baiti yana rufewa da kalmomin da suka zama sunanta.

A 1831, shekara 14 bayan rasuwar Shehu, Asma'u ta juya ta zuwa Hausa. Zaɓen wannan waƙa da kuma wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Muddin tana cikin Fillanci, gargaɗi ne da masu mulki suke ji a tsakaninsu. Da ta koma Hausa, wanda ake mulka ya sami ma'aunin da zai auna mai mulkinsa da shi, kuma da kalmomin Shehu kansa, waɗanda ba mai iya cewa a daina rera su. Mai yin wannan kuwa ƙanwar Sarkin Musulmi ce, matar Waziri.

Daga baya ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka sani da Isa Mai Kware, ya yi wa waƙar tahamisi. Tahamisi shi ne a ɗauki baiti mai ɗango biyu a ƙara masa ɗango uku a gabansa, ya zama ƙwar biyar. Sababbin ɗangogin uku dole su bi karin waƙar, su ɗauki amsa-amon ɗangon farko na asali, su kuma share wa ma'anarsa hanya yadda mai sauraro ba zai ji inda aka yi ɗori ba. A sigar da ta fi yaɗuwa, ke nan, cikin kowane ɗango biyar uku na Isa ne, biyu lafazin Asma'u ne, ma'anar biyun kuma ta Shehu ce. Jama'a na kiranta waƙar Shehu, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma mai nazarin harshe da ya ɗauko wata kalma daga cikinta don ya kafa hujja da Hausar Shehu ya yi kuskure, domin ba daga bakinsa kalmar ta fito ba.

Abin da mai juya waƙa yake fama da shi

Domin a gane nauyin wannan aiki sai an dubi harsunan uku. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna bambanta gajeren wasali da dogo, saboda haka suna da gaɓa sassauƙa da gaɓa mai nauyi. A Hausa, gaɓa mai baƙi da gajeren wasali ita ce sassauƙa. Mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe, ita ce mai nauyi. Kalmar gida sassauƙa ce da mai nauyi, kasuwa mai nauyi da sassauƙa da mai nauyi, malam kuma masu nauyi biyu. Wannan ne ya sa ma'aunan arulin Larabci suka zauna wa Hausa da Fillanci daram, abin da Joseph Greenberg ya yi bayaninsa game da Hausa tun 1949.

Daga nan kuma sai hanya ta rabu. Fillanci yana kasa sunaye cikin azuzuwa fiye da 20, kowane aji da ɗafa-ƙeyarsa, baƙin farkon kalma ma yakan sauya, kamar yadda Pullo yake komawa Fulɓe a jam'i. Hausa jinsi biyu take da shi, namiji da mace, sai jam'i. Fillanci yana cusa ma'anoni da yawa cikin aikatau guda ta hanyar ɗafe-ɗafe, Hausa kuwa tana ɗora lokaci da mutum a kan wakilin suna da ke gaban aikatau, wanda shi ma yana cin gurbinsa a cikin kari. Saboda haka abin da Fillanci ya faɗa da kalma ɗaya yana iya neman uku a Hausa, alhali ɗango ba ya ƙara tsawo. Ga kuma amsa-amo: ɗafa-ƙeyar da ta riƙe waƙar Fillanci daga farko har ƙarshe babu ita a Hausa, dole a nemi wani sautin a sake gina ƙarshen kowane baiti a kansa. Mai juya waƙa kullum yana cikin zaɓi: me za a riƙe, me za a saki, me za a ƙara don cike gurbi.

Wannan ƙunci ba na Sakkwato kaɗai ba ne. Mawaƙan zamani na ƙasar Japan da suke aiki da marubutan waƙa masu Ingilishi suna karo da irinsa, har ma ya fi tsanani. Japananci yana ƙirga tsawon gaɓa da ma'aunin da masana suke kira mora, ta yadda sunan birnin Tokyo, mai gaɓa biyu, yake da mora huɗu, kuma a al'ada kusan kowace mora tana da gurbinta a cikin kiɗa. Ingilishi kuwa a kan ƙarfafa wata gaɓa da sassauta wata yake tafiya. Waƙar da Sakamoto Kyu ya rera a 1961, wadda Ei Rokusuke ya rubuta kalmominta, Nakamura Hachidai ya yi mata kiɗa, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1963 da Japanancinta, amma da aka sauya mata suna zuwa Sukiyaki, sunan wani abincin nama da ba ruwansa da abin da waƙar take faɗa. Da ƙungiyar A Taste of Honey ta zo rera ta da Ingilishi, sababbin kalmomi aka ɗora wa kiɗan maimakon fassara. Can an riƙe kiɗa an saki ma'ana. Asma'u ba ta da wannan dama, domin abin da take juyawa karatu ne, kuma kuskure a cikinsa kuskure ne a addinin wanda ya hardace. Tilas ma'ana ta tsira, kari kuma ya tsira.

Gajeriyar waƙarta Sunago ta isa misali. Cikin baiti 30 ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 don sauƙaƙa hadda. Ta tsara ta da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838, daga baya kuma aka sami sigarta ta Larabci. Sunayen surorin ba sa taɓuwa, nauyin gaɓoɓinsu yana nan yadda yake a kowace siga. Abin da ya rage wa mai tsarawa shi ne ƴan guraben da ke tsakaninsu, kuma a nan ne kowane harshe yake nuna halinsa.

Ƴan Taru

Waƙa ba ta tafiya sai da mai ɗaukarta. Tsakanin 1830 da 1840 Asma'u ta kafa tsarin da aka sani da Ƴan Taru. Daga ƙauyuka, tsofaffin mata da ƴan mata waɗanda hidimar aure ba ta ɗaure su ba sukan taso ƙungiya-ƙungiya zuwa gidanta, ƙarƙashin shugabar da ake kira jaji, sunan da aka aro daga ayarin fatake. Takan naɗa jaji da malfa da jan rawani. Malfa kuwa a Gobir alama ce ta Inna, shugabar bori, saboda haka ko a nan ma juyi ta yi: ta ɗauki alamar da mata suka riga suka san girmanta ta ba ta sabuwar ma'ana. Matan sukan hardace waƙoƙin su koma su koya wa na gida. Wannan ne ya sa yawan waƙoƙinta na Hausa ya ƙaru a rabin ƙarshe na rayuwarta, irin su Goɗaben Gaskiya ta 1842 da Dalilin Samuwar Allah ta 1861.

Ƙarshen rayuwarta

Bello ya rasu a Wurno a 1837, Asma'u ta yi masa marsiyya. Bayansa ita da Giɗaɗo suka duƙufa kan adana tarihin abin da suka gani. Shi ya rubuta nasa a zube da Larabci, cikin littattafai irin su Raudul Jinan a kan Shehu da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuma ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙe cikin waƙar Fillanci mai suna Filitago a 1839. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Shekara guda bayan haka Isa ya juya Filitago zuwa Hausa, ita ce Waƙar Gewaye. Abin da ta yi wa waƙar mahaifinta shi ƙanenta ya yi wa tata. Ƙanwarta Maryamu kuma ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru.

Takardunta sun tsira a gidan Waziri, inda jikan gidan, Waziri Junaidu, ya adana su har ƙarni na 20. A wurinsa Jean Boyd ta same su, ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta, kimanin 60, a 1997.

Kammalawa

Ƙasar Magariya da Dungas ba ta taɓa zama cibiyar daular Sakkwato ba. Dungas tana cikin ƙasashen Sosebaki, wani reshe na gidan sarautar Daura da jihadi ya kora ya zauna a Magariya, kuma duka biyun sun shiga ƙarƙashin Damagaram. Amma iyakar sarauta ba ta tsare harshe ba, kuma waƙar da aka mayar Hausa ba ta neman izinin sarki kafin ta bi almajiri ko bafatake. A nan aiki yake jiran ɗalibai. Hausar Asma'u ta yamma ce, mai cewa munka da sunka, mai amfani da na da ta a gurbin ne da ce. Rubutun ajami ba ya nuna karin sauti, kuma ba kullum yake raba wasalin o da u ba, don haka duk mai kwafa ko mai rerawa yakan karkato da kalma wajen karin harshensa, wani lokaci har kari ya karye. Wanda ya kwatanta takardun ajami da ke zaurukan malaman wannan yanki, da waɗanda ke sashen tsofaffin rubuce-rubuce na cibiyar IRSH a Yamai, da sigogin Sakkwato, zai iya gano inda hannun mai kwafa ya shiga, ya kuma raba shi da hannun Isa, da na Asma'u, da na Shehu. Allah ya jiƙan su da rahama.